Their Eyes Were Watching God: Sharhi a Kan Bugun Harper Perennial da Karatun Ruby Dee

Littafin ƙarami ne a hannu. Babi 20 ne, kowanne da lambarsa kawai ba suna, kuma labarin kansa bai cika shafi 200 ba a bugun Harper Perennial Modern Classics, wanda shi aka fi cin karo da shi yanzu. Zora Neale Hurston ta rubuta shi cikin mako bakwai tana ƙasar Haiti, kamfanin J. B. Lippincott ya fitar da shi a Satumban 1937. Wanda ya ga ƙanƙantarsa ya ɗauka zai cinye shi a dare biyu, galibi a babi na biyu yake ajiyewa, kuma laifin ba na labarin ba ne. Harshe biyu ne a ciki. Mai ba da labari na amfani da daidaitaccen Turanci mai cike da adon magana, mutanen cikin labarin kuwa suna magana da karin harshen baƙaƙen fata na karkarar Fulorida, an kuma rubuta shi yadda yake fita daga baki. Bugun Harper bai zo da jerin ma'anar kalmomi ba, babu bayani a ƙasan shafi ko ɗaya. Wannan shi ne babban aibinsa ga wanda ya koyi Turanci a aji.

Abin da ya zo da shi shi ne gabatarwa a gaba, da sharhin masanin adabi Henry Louis Gates Jr. a baya, da jerin shekarun rayuwar marubuciyar. Gabatarwar ta danganta da wanda ka samu: bugun 1990 yana ɗauke da ta Mary Helen Washington, na 2006 kuma da ta marubuciyar nan 'yar asalin Haiti, Edwidge Danticat. Ga ɗalibin nazari ta Washington ta fi amfani, don ita ce ta kawo muhawarar da aka yi a kan shirun tauraruwar a kotu. Kowacce ce dai, a bar ta sai an gama labarin. Wannan sharhin ma zai tona ƙarshe, wanda bai so sai ya tsaya nan.

Maganin matsalar karin harshe yana cikin karatun murya da 'yar wasan kwaikwayo Ruby Dee ta yi, wanda cikakkensa bai kai awa bakwai ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce a buɗe littafin, a kunna muryar, ido na bin layi, har zuwa ƙarshen babi na 2. Kafin nan kunne ya gane cewa "Ah" shi ne "I", "mah" shi ne "my", "tuh" shi ne "to", "lak" shi ne "like", "wid" shi ne "with", kuma duk inda "th" take a farkon kalma irin "that" da "they" ta koma "d". Wadda ta fi rikita mutane ita ce "uh", domin wani lokaci tana nufin "a", wani lokaci "of". Daga babi na 3 ana iya kashe muryar a ci gaba da ido kaɗai. Sauraro zalla ba tare da littafi ba kuskure ne ga mai son nazarin salo, saboda siffantawar Hurston kan zo a jimla ɗaya ta wuce, kuma sai an koma baya shafi hamsin ake ganin inda ta fara.

Labarin na Janie Crawford ne, wadda ta dawo garin Eatonville na jihar Fulorida da magariba sanye da rigar leburori mai haɗe da wando, bayan kamar shekara ɗaya da rabi da tafiyarta da wani saurayi. 'Yan zaman baranda suka bi ta da ido da baki. Aminiyarta Pheoby ta kai mata shinkafa, suka zauna a matakalar bayan gida, Janie ta ba ta labarin aure uku. Iyakar zubin ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba: Hurston ba ta cika tsayawa ta ce Janie ta gane kaza ba. Abubuwa ƙalilan ta ɗauka, bishiya, alfadari, ɗankwali, da can inda sama ke haɗuwa da ƙasa, tana dawo da su lokaci bayan lokaci, kowace dawowa da sabuwar kama. Wanda ya bi sauyawar waɗannan abubuwan ya ga girman Janie. Wanda ya bi mazajen kawai zai fita da labarin mace mai yawan aure.

Bishiyar ta fara bayyana a babi na 2. Janie tana da shekara goma sha shida, tana kwance a ƙarƙashin bishiyar fiya mai fure a gidan kakarta, ta ga ƙudan zuma ya nutse cikin fure, furen ya karɓe shi, bishiyar duka ta amsa. Ta ce a ranta ashe aure ke nan. A nan akwai tarko ga mai karatu a Najeriya, inda fiya take nufin abokado: ba ita ba ce. Fiyar ƙasashen sanyi ce, dangin tuffa, wadda ke rufe kanta da farin fure gaba ɗaya bayan hunturu. Siffar ba ta 'ya'ya ba ce, ta fure ce, da ƙurar fure, da mai zuwa da mai karɓa kowa na amfana. Daga nan ta zama ma'auni. Logan Killicks, dattijo mai eka sittin da kakarta ta zaɓa mata, an ce tunaninsa ma ɓata bishiyar yake yi. Da Joe Starks, wanda ya zama mijinta na biyu, ya zo a babi na 4, mai ba da labari ya faɗa ƙarara cewa shi ba hantsi da fure yake wakilta ba, nesa yake kira. Wato tun kafin ta bi shi an gaya mana ba zai cika ma'aunin ba, ta kuma sani. Sai a babi na 11 ƙudan zuman ya dawo, inda aka ce Tea Cake, saurayin da ya zama mijinta na uku, zai iya zama shi. A lura da "zai iya". Masu gaggawa kan rubuta cewa ta sami bishiyarta, alhali marubuciyar ta bar ƙofa a buɗe.

Kakar, Nanny, ita ma bishiya aka yi mata, amma wadda guguwa ta karya ta bar saiwa a tsaye. An haife ta cikin bauta, ubangidanta ne uban 'yarta Leafy, Leafy kuma malamin makaranta ne ya yi mata fyaɗe aka haifi Janie. Don haka idan ta ce tsaro take nema wa jikarta ba soyayya ba, tana da hujja. Ita ce ta kawo alfadari cikin littafin: Bature ya jefar da kaya ya ce baƙin namiji ya ɗauka, shi kuma ya miƙa wa matarsa, saboda haka baƙar mace ita ce alfadarar duniya. A bakin Nanny siffantawa ce kawai. A babi na 4 ta zama dabba ta gaske, lokacin da Logan ya tafi Lake City sayen alfadari na biyu mai sauƙin kai wanda mace za ta iya huɗa da shi. Janie ta fahimci inda aka dosa. Ta kwance ƙyallen girkin da ke ƙugunta, ta jefa shi kan wani ɗan tsiro a bakin hanya, ta hau keken doki tare da Joe.

Babi na 6 shi ne mafi tsawo, kuma shi ne masu karatu suka fi tsallakewa, domin shafuka da yawa sun tafi a kan zolayar wani Matt Bonner da ramammen alfadarinsa. Kada a tsallake. Joe a lokacin shi ne magajin gari, shi ya sayi ƙarin eka 200 ya faɗaɗa Eatonville, shi ke da kanti da gidan waya, shi ya kafa fitilar titi ta farko. Barandar kantinsa ita ce majalisar gari, kuma ya hana matarsa zama a cikinta. Da ya ji tana gunaguni a kan yadda ake azabtar da dabbar, sai ya saye ta dala biyar ya sake ta ta huta. Janie ta yaba masa a gaban mutane, ta kwatanta shi da Lincoln, shugaban Amurka da ya 'yanta bayi, kuma mai kunne zai ji ba'a a cikin yabon. Mutumin da ya 'yanta alfadari don a gani, shi ne ya hana matarsa zuwa jana'izar wasa da aka yi wa alfadarin. Bayan wannan babi alfadari ya kusan ɓacewa daga littafin, don ya gama aikinsa.

A cikin babin nan ne kuma siffar da ta fi kowace kyau take. Shekara bakwai da aure, Janie na da ashirin da huɗu, ta yi girki ya ƙi: burodi bai tashi ba, kifi bai nuna a jikin ƙashi ba, shinkafa ta ƙone. Joe ya mare ta. Tana tsaye a inda ya bar ta sai ta ji wani abu ya faɗo daga kan kanta a cikin jikinta. Ta shiga ciki ta duba, sai ta tarar hoton Joe ne da ta ajiye ya faɗi ya tarwatse, kuma da ta duba da kyau ta ga dama bai taɓa zama mutumin mafarkinta ba, wani abu ne kawai ta rataya wa mafarkin. An mayar da zuciya ɗaki mai kanta da aljihun ajiya, an sa mai ɗakin ta shiga da ƙafarta. Daga nan ta san tana da ciki tana da waje, ta kuma koyi kada ta haɗa su. Babi na 7 ya ci gaba da wannan rabuwa: an kira ta kwarin da taya ke yi a hanya, akwai rai a ƙasa amma kullum ana takawa, sannan ta ga inuwarta na hidimar kanti ita kuwa tana zaune a gindin bishiya iska na kaɗa ta. A babi na 9 fuskarta ta tura jana'izar Joe, bayan ta sa mata sitaci ta goge ta kamar riga, ita kanta ta tafi yawo. Idan za a rubuta takarda ɗaya a kan gano kai a wannan littafi, wannan zaren na ciki da waje ya fi bishiyar ƙarfi, kuma ba a cika taɓa shi kamar ita ba.

Ɗankwalin na buƙatar taka tsantsan. Ba lulluɓin addini ba ne, ba kuma al'adar garin ba ce aka ɗora wa kowace mace. Littafin ya faɗi dalilinsa: Joe ya hango wani Walter yana shafa ƙarshen kitson Janie da bayan hannu ba tare da ta sani ba, daren nan ya umarce ta da ɗaure kai a kanti, bai kuma taɓa gaya mata kishi ne ba. Don haka ƙona ɗankwalayen da ta yi daren jana'iza ƙona umarnin mutum ɗaya ne. Wanda ya ɗauko muhawarar sutura daga wani wuri ya ɗora a nan ya kauce. Abin lura ma shi ne abin da ta yi a babi na 8, gawar Joe na kwance: ta je gaban madubi, ta cire ɗankwalin, ta saki gashin ta duba, sannan ta sake ɗaure shi kafin ta buɗe taga ta kira mutane. Ta san abin da take, ta kuma san abin da gari ke jiran gani. Haka baƙaƙen kayan da ta sa wata shida ba takaba ba ce mai hukunci, al'ada ce ta makoki, shi ya sa gulmar da aka yi da ta koma sa shuɗi gulmar ido ce.

Kalmar da ta fi wahalar juyawa ita ce ta wurin da sama ke taɓa ƙasa. "Bangon duniya" ya zo kusa, sai dai bango tsayawa yake, wannan kuwa kana matsowa yana ja da baya, kuma ja da bayan shi ne ma'anar. A shafin farko na maza ne: jiragen ruwa can nesa ɗauke da burinsu. A babi na 4 Joe ne ke magana da yawunsa. A babi na 9 Janie ta fito fili da ƙin kakarta, don ta ɗauki abu mafi girma da aka halitta ta matse shi ya zama ɗan zare, ta ɗaura mata a wuya har ya shaƙe ta. A shafin ƙarshe Janie da kanta ta jawo shi kamar taru daga ƙugun duniya ta yafa a kafaɗa, da duk abin da ya kamo. Daga abin kallo, zuwa igiyar wuya, zuwa mayafi. Ana iya bin wannan da fensir cikin minti goma in an san babin da za a buɗe. A riƙa rubuta lambar babi, kada a dogara da lambar shafi, domin bugun 1990 da na 2006 da na Virago na Ingila shafukansu ba su dace da juna ba.

Rabin littafin na biyu ya fi sauri, adonsa kuma ya sauya. Tea Cake, wanda ta girme shi da kusan shekara goma sha biyu, ya koya mata dara irin ta Turawa, wasan da Joe bai taɓa barinta ta taɓa ba, ya kai ta kamun kifi da tsakar dare, ya koya mata harbi har ta fi shi saiti. Sun koma gonakin wake na gefen tafkin Okeechobee, inda take zama cikin leburori tana ba da nata labarin. A babi na 18 mutuntarwa da dabbantarwa suka karɓe fage: tafkin dodo ne da ke juyi a gadonsa, sannan ya tashi yana tafiya. Guguwar da ta tayar da shi ta gaske ce, ta Satumban 1928, wadda ta fasa madatsar tafkin ta kashe aƙalla mutum 2,500, mafi yawansu baƙaƙen leburorin gona. Abin da babi na 19 ya nuna na binne farare cikin akwati a zuba baƙaƙe a rami ba ƙari ba ne; a West Palm Beach akwai kabari ɗaya mai mutum 674. Sunan littafin daga daren nan ya fito, lokacin da suke zaune a bukka suna zura wa duhu ido, aka ce idanunsu na kallon Allah ne.

Akwai wurare biyu da littafin ya gaza, ko aƙalla ya bar mai karatu da ƙaiƙayi. A babi na 13 Tea Cake ya sace dala 200 da ta maƙale a rigarta, ya yi walima da su, ya sayi jita, sannan ya dawo da dala 322 daga caca da yankan reza a jiki, babin kuma ya rufe da cewa ranta ya rarrafo daga maɓoyarsa. Wannan ana iya haɗiyewa. Na babi na 17 ba ya haɗiyuwa: ya doke ta don ya nuna wa mutane tasa ce, maza suka yi ta yaba masa, kuma ba a ba mu ko jimla ɗaya daga cikin Janie ba. Marin Joe ya samu siffar hoton nan da ya faɗo ya fashe. Dukan Tea Cake bai samu komai ba. Masu kare littafin na cewa amsar tana babi na 19, inda mahaukacin karen da ya cije shi a kunci lokacin ambaliya ya haukata shi, ya ɗaga mata ƙaramar bindiga, ita kuma da ta riga ta juya gidan harsashi yadda sai ya ɗana sau uku kafin ta tashi, ta harbe shi da doguwar. Amsa ce, amma mai karatu ne ya haɗa ta, ba a rubuce take ba.

Na biyu shi ne kotu. Mace da aka yi babi goma sha takwas ana nuna yadda take neman bakinta, ta tsaya gaban fararen maza goma sha biyu tana kare ranta, sai mai ba da labari ya taƙaita abin da ta ce ba tare da mun ji muryarta ba. Masanin adabi Robert Stepto ya ɗaga wannan a wani taron malaman adabi a 1979, marubuciya Alice Walker ta tashi ta ce mace na da damar zaɓen inda za ta yi magana da inda za ta yi shiru. Hujjar Walker tana da ƙarfi idan aka tuna cewa littafin gaba ɗaya maganar Janie ce ga Pheoby, wadda ta zaɓa da kanta. A babi na 20 ma ba mai ba da labari ba ne ya yi kamancen soyayya, Janie ce: ta ce ba dutsen niƙa ba ce mai yi wa kome abu ɗaya, teku ce da ke ɗaukar siffar gaɓar da ta tarar. Yarinyar da aka yi wa siffa a babi na 2 ita ke ƙera tata yanzu.

Marubuci Richard Wright ya soki littafin tun 1937, yana ganin ba shi da saƙo kuma karin harshen na sa farare dariya ne. Littafin ya ɓace daga kasuwa shekaru masu yawa, Hurston ta rasu a 1960 a gidan marasa galihu a Fort Pierce, aka binne ta ba alama, sai a 1973 Walker ta je ta kafa dutse a wurin. Sharhin Gates a bayan littafin ya taɓa wannan tarihi da kyau, amma bai taimaki mai fama da shafi na goma ba.

Malamin da zai sa shi a aji ya san cewa siffar bishiyar a babi na 2 ta balaga ce a fili, akwai caca da giya da zagi, kuma mutanen ciki suna ambaton Allah da sakin baki irin na hirar baranda a garin Kiristoci, har da wata tatsuniyar halitta a babi na 9. Ya fi dacewa da 'yan jami'a da kwalejin ilimi. Wajen saye, a duba cewa akwai babi 20 cif da sharhin Gates a baya, domin littattafan taƙaitawa na ɗalibai ma suna ɗauke da sunan a bango da manyan haruffa. Karatun murya kuma in tsawonsa awa biyu ne ko uku, an gutsure shi. Fim ɗin talabijin na 2005 da Halle Berry ta fito a ciki ba ya maye gurbin ko ɗaya, don ya mayar da hankali kan soyayya, kuma kyamara ba ta da hanyar shiga ɗakin da hoton Joe ya faɗi.